Masu manna hannu a titin jirgi: lissafinsu daidai ne? Ina ruwanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wasu matasa a Jamus sun yanke wayar shinge sun kutsa filin jirgin sama, sun manna tafukan hannunsu da gam a ƙasa, wai jirage na ɓata yanayin duniya. Jirage suka kasa tashi, matafiya suka yi cirko-cirko. Da gaske jirgi na da wannan illar, ko dai ƙoshi ne ke damunsu? Sannan ni ina tara kuɗin da zan biya wa mahaifiyata kujerar Makka. Wannan magana ta hau kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya cika maka burinka, ya kai Mama lafiya ya dawo da ita lafiya. Da ita zan fara, don kada ka karanta sauran bayanin zuciyarka na ɗar-ɗar.

Aikina ya daɗe yana haɗa ni da lissafin man jirage kafin su tashi, saboda haka zo mu yi lissafin tare. Daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne. Babban jirgi irin Boeing 747, wanda aka daɗe ana jigilar alhazai da shi, yana shan kimanin tan 10 na mai a kowace awa, tafiyar kuwa awa huɗu da rabi ce zuwa biyar. Ka ce tan 45 zuwa 50 a sawu ɗaya, wato kusan cikin tankar mai biyu irin masu lita 33,000 da kake gani a hanya. Man jirgi kananzir ne da aka tace sosai, kuma duk kilo ɗaya da ya ƙone yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon. Mutane kan yi mamakin yadda hayaƙi zai fi man da ya haife shi nauyi. Dalili shi ne sinadarin kabon da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin da injin ke zuƙa, nauyin su biyun ake aunawa. In ka raba wa alhazai 500, kowa ya tashi da wajen kilo 300 a zuwa, kilo 300 a dawowa. Akwai kuma abin da mai lissafi daga nesa kan manta: jirgin alhazai yakan sauke su ya komo kusan wayam don ɗebo wasu, lokacin dawowa ma yakan tafi wayam. In aka haɗa da wannan, rabon Mama zai kai wajen tan ɗaya.

Tan ɗaya, watakila sau ɗaya a rayuwarta. Matsakaicin Ba'amurke yana fitar da kimanin tan 14 kowace shekara, ka ga Hajjin Mama bai wuce abin da yake fitarwa a wata guda ba. Ko da an cike kujeru 95,000 da Saudiyya ta riƙa ware wa Najeriya daga 2023 zuwa 2025, jimillar hayaƙin jigilar ba za ta kai tan 100,000 ba. A 2019 jiragen fasinja da na kaya na duniya sun fitar da sama da tan miliyan 900. Raba wannan da sa'o'in shekara ka gani: duk jigilar alhazanmu ta shekara guda ba ta kai abin da jiragen duniya ke fitarwa cikin awa ɗaya ba. Ka biya mata kujerarta hankali kwance. Inda sauyin yanayi ya shafi tafiyarta shi ne zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura maki 51, alhazai sama da 1,300 suka rasu. Ka tanadar mata lema, ka ja kunnenta kan shan ruwa, ka kuma haɗa ta da wanda zai hana ta fita jifa da tsakar rana.

To, ga maganar ƙoshi. Wasu daga cikin hanyoyinsu ban yarda da su ba, kuma zan faɗa maka dalili. Amma lissafin da suke tafe da shi daidai ne, kuma mu ne muka fi su haƙƙin yin wannan magana.

Za ka ji kamfanonin jirage na cewa ai kashi 2.5 cikin ɗari ne kacal na iskar kabon ta duniya ke fitowa daga gare su. Haka ne. Sai dai nahiyar Afirka baki ɗayanta, da masana'antunta da motocinta da janaretocinta, wajen kashi 4 take fitarwa. Hayaƙin jirage ya ninka na Najeriya, mai mutane sama da miliyan 200, kusan sau bakwai. Da sufurin sama ƙasa ce, da tana cikin goman farko a masu gurɓata iska. Kuma kabon ba shi kaɗai ke aikin ba. Ka taɓa lura da farin layin da jirgi ke ja a can ƙololuwar sama, irin jiragen da ke ratsa samaniyarmu tsakanin Turai da kudancin Afirka? A tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda sanyi ya wuce maki 40 ƙasa da sifiri, tururin da ke fita daga injin yana daskarewa a jikin ƙwayoyin baƙin hayaƙi ya zama ƙanƙara. In iskar wurin busasshiya ce, layin ya ɓace cikin ƙiftawar ido. In tana da laima, sai ya baje ya zama siririn gajimare da zai yi sa'o'i. Da rana yana mayar da wani ɓangare na hasken rana sama, wannan ya ɗan rage illarsa. Da dare babu hasken da zai mayar, sai dai ya tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar bargo. Wani babban nazari da David Lee na wata jami'a a Manchester ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya haɗa wannan da sauran iskar da injin ke fitarwa a sama, ya gano cewa sufurin sama ne ke da alhakin wajen kashi 3.5 na ɗumamar da ɗan'adam ya jawo, kuma kusan kashi biyu bisa uku na wannan ba daga kabon yake ba.

Abin da ya fi waɗannan alƙaluma nauyi a wurina shi ne su wa ke cikin jiragen. Kowa na cin abinci, kowa na buƙatar wuta da siminti, amma hawa jirgi na 'yan ƙalilan ne. Stefan Gössling da Andreas Humpe sun bi diddigin tafiye-tafiyen 2018, suka samu cewa wajen kashi 11 cikin ɗari na mutanen duniya ne suka shiga jirgi a wannan shekarar, waɗanda suka ƙetare iyakar ƙasa kuwa ba su wuce kashi 4 ba. Kashi 1 tak na mutanen duniya ne ke da alhakin rabin hayaƙin jiragen fasinja. Ko a Ingila, an daɗe da lura cewa kashi 15 na jama'a ne ke yin kashi 70 na tafiye-tafiyen. Afirka na da kusan kashi 18 na al'ummar duniya, rabonta a zirga-zirgar sama wajen kashi 2 ne. A cikin jirgi ɗaya ma ba a yi daidai ba. Kujerar gaba da ke miƙewa ta zama gado tana cin filin kujeru uku ko fiye na baya, saboda haka rabonta na mai ya ninka haka. Jirgin attajiri na ƙashin kansa kuwa, ƙungiyar Transport & Environment ta ƙiyasta cewa kowane fasinjansa yana fitar da ninki 5 zuwa 14 na abin da fasinjan jirgin haya ke fitarwa. A 2023 irin waɗannan jirage sun fitar da tan miliyan 15.6, ƙarin kashi 46 cikin ɗari a kan 2019, kuma kusan rabin tafiye-tafiyensu ba su kai kilomita 500 ba.

Sai abin da ya fi ba masu fafutukar haushi, wanda a ganina suna da gaskiya dumu-dumu: haraji. Direban tasi a Jamus yana biyan haraji mai nauyi a kan kowace lita da ya sha. Jirgin da ya tashi daga Frankfurt zuwa Dubai ba ya biyan harajin mai ko sisi, tikitinsa ma ba a ɗora masa harajin kayan masarufi. Asalin wannan yarjejeniyar Chicago ce ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta kuma hana a caji man da jirgi ya shigo da shi a tankinsa. Daga baya dubban yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa suka faɗaɗa sassaucin ya haɗa da man da aka sha a filin. A 1944 an yi haka ne don a raya sana'ar da ke rarrafe. Yau ta zama katafariya, sassaucin na nan. Yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kyoto ta 1997 ba ta ɗora hayaƙin jiragen ƙasa da ƙasa a kan kowace ƙasa ba, ta miƙa wa ICAO. Aka yi shekara 19 ana jira. Da Tarayyar Turai ta gaji ta sa jirage cikin tsarinta na biyan kuɗin hayaƙi a 2012, Amurka da Sin da Indiya suka yi ca, dole ta taƙaita shi ga jiragen cikin Turai. A 2016, lokacin da ɗan Najeriya, Dokta Olumuyiwa Benard Aliu, ke shugabantar majalisar ICAO, aka amince da tsarin da ake kira CORSIA. Haɗa kan ƙasashe kusan 190 a kan takarda ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, na yaba masa. Amma tsarin bai ce a rage hayaƙi ba. Cewa ya yi abin da ya haura wani mizani, wanda yanzu shi ne kashi 85 na hayaƙin 2019, kamfani ya sayi takardar shaidar cewa an rage makamancinsa a wani wuri, a daji ko a wata masana'anta. Kuma sai daga 2027 aka tsara ya zama dole.

Kana iya cewa to a gyara injinan mana. An gyara, ana kan gyarawa. Man da ake ƙonawa don kai fasinja ɗaya kilomita ɗaya ya ragu da fiye da rabi daga 1990 zuwa 2019. Amma a tsakanin nan zirga-zirga ta ninka kusan sau huɗu, sai jimillar hayaƙin ta ninka biyu. Duk ribar da injiniyoyi suka ciwo, arahar tikiti ta cinye. Batir ba zai kai babban jirgi Jidda ba, domin kilo ɗaya na kananzir yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau 40 ko fiye, ga shi jirgi na ƙara sauƙi yayin da yake ƙona mansa, batir kuwa nauyinsa na nan har sauka. Kamfanin ƙera jirage na Airbus ya yi alkawarin jirgi mai aiki da iskar haidurojin a 2035, a farkon 2025 ya ɗage. Sabon man da ake yi da tsohon man suya da kitse da ragowar amfanin gona yana aiki, har an ƙetare tekun Atlantika da shi zalla a 2023, amma a 2024 bai kai kashi 1 cikin ɗari na man jiragen duniya ba, kuma ya ninka na gargajiya tsada. Duk man suyan duniya ba zai ƙosar da jirage ba. Wannan ne ya sa masu fafutukar suka tsaya a kan cewa, a shekarun nan da ake da buƙatar gaggawa, babu hanyar rage hayaƙin jirage sai rage tashinsu.

Su kansu ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma bidiyon da ka gani shi ne ɓangaren da ya fi ƙara amma ya fi ƙarancin riba.

A Suwidin aka fara da kunyatarwa, wajen 2017 zuwa 2018. Fitattun mutane irin su ɗan wasan ƙanƙara Björn Ferry da mawaƙiya Malena Ernman suka shelanta sun daina hawa jirgi. 'Yar Malena, Greta Thunberg, ta shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Plymouth zuwa New York a watan Agustan 2019, ta yi mako biyu a teku don halartar taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin ya yi tasiri a gida: fasinjojin cikin ƙasa a filayen jiragen Suwidin sun ragu da kashi 9 a 2019. Amma a shekarar duniya ta yi jigilar fasinja biliyan 4.5, bayan korona kuma aka koma har aka zarce. Ita kanta Suwidin, harajin tikiti da ta sa a 2018 ta soke shi a 2025. Kunya takan kama mai kunya ne, mutumin da ke tashi sau hamsin a shekara ba ta kai gare shi ba.

Waɗanda suka fi cin nasara su ne masu hana a gina sabon titin jirgi, saboda yawan titi shi ke yanke yawan tashi na shekara hamsin masu zuwa. A Notre-Dame-des-Landes, kusa da birnin Nantes a Faransa, gwamnati ta so gina sabon filin jirgi a kan gonaki da fadamu. Manoman wurin suka ƙi tashi, matasa suka zo suka tare da su, suka kafa bukkoki, suka yi noma da kiwo a kan filin shekara da shekaru. A 2012 aka turo 'yan sanda su kore su, abin ya gagara. A 2016 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a yankin, masu son filin suka yi rinjaye, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi a kan masu zaman dirshen, ban ɓoye ta ba. Duk da haka a watan Janairun 2018 gwamnati ta haƙura da aikin. A Landan, tun 2009 gwamnati ta amince da titi na uku a filin jirgin Heathrow. Mazauna ƙauyukan da za a rushe, da ƙungiyoyi irin su Plane Stupid, da lauyoyi, suka yi ta jan aikin. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sabuwar amincewar da gwamnati ta yi a 2018 ta saɓa doka saboda ba a yi la'akari da yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ba. A watan Disamba kotun ƙoli ta soke wannan hukunci, a farkon 2025 kuma gwamnati ta sake mara wa aikin baya. Ba a gama wasan ba, amma shekarun da aka ci ba a gina ba, hayaƙi ne da bai shiga sama ba.

Faransa ta kuma gwada doka. Aka zaɓo 'yan ƙasa 150 ta hanyar ƙuri'a su ba da shawara, suka ce a hana jirgin sama duk inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin awa huɗu. Gwamnati ta rage zuwa awa biyu da rabi, da dokar ta fara aiki a 2023 sai ta kama hanyoyi uku kacal daga filin Orly na Paris, zuwa Nantes da Bordeaux da Lyon. Ƙaramin abu ne. A Holan kuma wata kotu a Amsterdam ta yanke hukunci a watan Maris na 2024 cewa tallace-tallacen kamfanin jirage na KLM da ke nuna wa fasinja zai iya tashi ba tare da cutar da muhalli ba yaudara ce. Wannan hukunci ya fi burge ni, domin ya taɓa ɗan akwatin nan da ake sa wa mutum lokacin sayen tikiti, wai ya ƙara 'yan kuɗi a dasa itace a madadin hayaƙinsa. Kabon da jirgi ya fitar yau, wani kasonsa zai yi ɗaruruwan shekaru a sama. Itacen da aka dasa yana iya bushewa, a sare shi, ko gobara ta cinye shi cikin shekara goma.

Yanzu ga masu gam. Bidiyon da ka gani mai yiwuwa na ƙungiyar Letzte Generation ce, wadda ta shiga filin Cologne ranar 24 ga Yulin 2024, washegari ta shiga na Frankfurt, aka soke tashin jirage sama da ɗari. In ka kalla da kyau za ka ga ɗan sanda durƙushe da kwalbar man girki da ɗan buroshi, yana shafawa gefen tafin hannun a hankali har gam ɗin ya saki. Inda suka gauraya gam da yashi, sai an fasa kwaltar an ɗago hannun da guntunta. Matasan nan sun san za a gurfanar da su, sun san kamfanoni za su bi su diyya, kuma kamfanin jiragen Jamus na Lufthansa ya bi su. Wanda ƙoshi ke damu ba ya sayen irin wannan wahala, ban raina niyyarsu ba. Amma wanda ya taɓa zama ɗakin da ake tsara tashin jirage ya san abin da ke biyo bayan sanarwar an rufe fili. Jiragen da ke tafe sai su yi ta shawagi suna ƙona man ajiya, matuƙi na kallon ma'aunin mai yana lissafin minti nawa ya rage kafin ya karkata zuwa wani gari. A cikinsu akwai mara lafiya, akwai mai zuwa jana'iza, akwai ma'aikaciyar da ta shekara tana tarin kuɗin zuwa ganin iyayenta. Waɗannan su ne masu tashi sau ɗaya a shekara, mutanen da lissafin masu fafutukar da kansa ya wanke. Su aka hukunta, su kuma suka koma gida da haushin duk wani mai maganar muhalli. Irin wannan kutse ne ya ba gwamnatin Jamus hujjar gabatar da ƙudurin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga mai kutsawa filin jirgi.

Kwatanta da abin da aka yi a filin Schiphol na Amsterdam ranar 5 ga Nuwamban 2022. Ɗaruruwan 'yan ƙungiyoyin kare muhalli na Greenpeace da Extinction Rebellion suka shiga sashen jiragen attajirai kawai, suka zauna a gaban tayoyinsu, wasu na zagaye a kan kekuna jami'an tsaro na binsu a guje. Jiragen haya suka ci gaba da tashi. Bayan wata biyar hukumar filin ta bayyana niyyar hana jiragen attajirai sauka da kuma rufe filin da tsakar dare. A nan an nuna wa jama'a ainihin inda matsalar take.

Akwai kuma inda nake ganin idon Baturen mai fafutuka bai kai ba. Mai cewa a bar jirgin sama a hau na ƙasa yana magana ne daga nahiyar da jirgin ƙasa ke gudun kilomita 300 a awa. Mu nan, mutum kan hau jirgi daga Abuja zuwa Sakkwato ko Maiduguri don tsoron masu garkuwa da mutane a hanya, kuma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da jama'a suka fake a cikinsa an kai masa hari ranar 28 ga Maris na 2022. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, tafiyar shekaru, da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan. Babu mai hankalin da zai ce a koma wannan. A 2007 wata ƙungiyar Ingila mai ba da shaidar noman da ba a sa masa sinadari ba ta yi tunanin janye shaidarta daga kayan lambun da ake kawowa ta jirgi. Da an yi, manoman Kenya da Gana ne za su kwana a ciki, mutanen da hayaƙinsu na shekara bai kai na motar mai sayen kayan ba. Dashen itacen da ake sayar wa fasinja ma, sau da yawa a ƙasar Afirka ake yin sa, kuma a Yuganda an ga manoma da makiyaya sun rasa filayensu saboda irin wannan daji. Ina fargabar sabon man jirgi ya bi wannan sawu in aka fara neman gonakin da za a noma shi.

Amma kada mu fake da wannan mu wanke namu. Je ka sashen ƙananan jirage na filin Abuja ranar ɗaurin auren 'yar wani babba, ka ƙirga jiragen da suka yi layi, kowanne ya kawo mutum huɗu ko biyar tafiyar minti arba'in. Wannan mutumin yana cikin kashi 1 ɗin nan na duniya, fasfonsa kore bai cire shi ba. Mai zuwa Dubai ko Landan duk wata ma haka. A taron yanayi na Dubai a 2023, sunayen da aka yi wa rajista daga Najeriya sun kai 1,411, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi. Ko 422 ɗin sun yi yawa ga ƙasar da ta je kukan ambaliya. Kuma in ana maganar hayaƙin da ke hannunmu mu kashe, iskar gas da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Dalta, wadda doka ta haramta tun 1984, ta fi jiragenmu gaggawa.

Dalilin da ya sa na ce mun fi su haƙƙin maganar shi ne mu ke biyan kuɗin tikitin da ba mu hau ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masana yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution sun ce ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irin wannan ruwan kusan sau 80. A watan Afrilun 2024 zafi ya kai maki 48.5 a Kayes ta Mali. A watan Satumban shekarar ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram, madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Sakacin gyaran madatsa da toshe magudanu namu ne, ban ɗora wa jirgi ba. Amma ruwan da ke sauka ya ƙaru, kuma mutumin Nijar da ke fitar da wajen kilo 100 na kabon a shekara ba shi ya ƙara shi ba.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita daga cikin duk abin da masu fafutukar suka kawo ita ce harajin mai yawan tashi, wadda aka fara yaɗawa a Ingila a 2015. Tafiyar farko a shekara ba haraji ko kaɗan ne, ta biyu a ɗora, ta uku a ƙara, haka yana hawa. Alhaji da ɗalibi da mai zuwa asibiti sun tsira, mai tashi duk mako ya biya. A haɗa da haraji mai nauyi kan kujerun gaba da jiragen attajirai. Karɓar kuɗi a kan tikiti don amfanin talakawan duniya ba sabon abu ba ne: tun 2006 Faransa ta fara, Nijar da Mali da Kamaru na cikin ƙasashen da suka bi, kuɗin na zuwa asusun Unitaid na magungunan maleriya da tarin fuka da ƙanjamau. A tsakiyar 2025, a birnin Seville, Faransa da Kenya da Barbados da Sifaniya da wasu ƙasashe suka ƙulla ƙawancen sa wa masu kujerun alfarma da jiragen ƙashin kai haraji.

Inda gizo ke saƙar shi ne aljihun da kuɗin zai faɗa. Harajin tikitin da Ingila da Jamus ke karɓa yanzu baitulmalinsu yake shiga. Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka buɗe a Dubai a 2023 ya tashi da alkawarin wajen dala miliyan 700 ga duk ƙasashe masu tasowa, alhali Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar ambaliyar 2022 a Najeriya kaɗai da kusan dala biliyan 6.7. Abin da nake so in ji wakilanmu na faɗa a ICAO da tarukan yanayi shi ne kaso nawa na wannan haraji zai ƙetaro teku, ta wace hanya zai zo, kuma wa zai bi sawu ya tabbatar ya shiga madatsar Alau da magudanun Hadeja da Lakwaja da Yamai. Sannan mu fara karɓarsa a gida, daga sashen ƙananan jirage na Abuja da Legas.